Kujerar Ya'u

Manchester, 14 ga Nuwamba, 1988

Yaya Bappayo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yaya ƙafar Hajiya? Yaya Husaina da mutanen Azare? Ni lafiya lau, sai sanyi da shiru.

Ka taɓa tambayata abin da nake yi in na taso daga makaranta. Turawan nan suna da wasu ƙananan littattafan wasa masu fitowa bi da bi. Kowanne tafiya ce: kogo, 'yan fashi, garin da za a ceto. Mutum huɗu ke zama a tebur, ɗaya yana ba da labarin kamar tatsuniya, ana jefa ɗan ludo a ga wanda zai tsira. Kada Malam ya ji, zai ce caca ce.

Na sayi shida, ban samu abokan zama ba. Sai na jera kujeru, kai a ɗaya, Husaina a ɗaya, ƙaninmu Ya'u a ta bakin taga, ina jefa muku. Ya'u ne mai sa'a. A littafi na biyar shi ya fid da ni daga rijiya.

Jiya wasiƙarka ta iso, cewa motar su Ya'u ta kife a hanyar Jama'are, an binne shi tun Agusta. Yaya, wata uku ina dariya da shi a ɗakin nan. Wata uku!

Na shidan ban buɗe ba, a bangonsa an rubuta mutum huɗu. Allah ya jiƙansa. Ka ce wa Hajiya ina cin abinci. Ka rubuto mini yadda zan yi da kujerar nan, na kasa taɓa ta.

Ƙaninka,
Yelwa