A Buɗe Mana Ajinmu Bayan La'asar

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumarmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗaya ce daga matan Yankara da ke ajin yaƙi da jahilci, wanda aka rufe kwanan baya. Ban daɗe da fita takaba ba.

Na farko, godiya. Kun haƙa mana rijiya, kun turo mana malama mai haƙuri. Da furfurata na koyi rubuta sunana. Da Malam maigidana ya kwanta asibiti a Funtuwa, ni nake karanta masa ƙa'idar shan magani, ban nemi kowa ba. Wannan ba zan manta ba.

Na biyu, masu neman kujerar kansila suna yawo suna cewa boko ya sa matan ƙauye sun raina maza, da haka suka sa aka garƙame ajin. Ba haka ba ne, ranka ya daɗe, amma fushin mazanmu yana da tushe. Ma'aikatanku sun zo da mota suka kafa allo, ba su gai da Liman ba, ba su shiga zauren Maigari ba. Sannan suka sa darasi da hantsi, cikin damina, daidai lokacin da muke dama fura a kai gona. Magidanci ya wuni yana noma da yunwa, me kake tsammanin zai ce game da karatu? Yunwar nan 'yan siyasa suka tarar, suka hau kai.

Na uku, Malam bai taɓa hana ni ba. Tun sassafe yakan rataya gorar furarsa ya tafi gona, don kada kai fura ya hana ni zuwa aji. A kasuwa ana yi masa tsiya, ana kiransa mijin-ta-ce, sai dai ya yi dariya. Shi kaɗai yake kare mu a ƙofar masallaci. Yanzu babu shi, shi ya sa na yi magana da kaina.

Roƙona, a zo a gai da manya, a mai da darasi bayan la'asar, a buɗe mana. Mazanmu ba za su ƙi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙo, ya jiƙan namu da naka. Fensirin da na rubuto wannan da shi, Malam ne ya sayo mini, kuma da sauransa.

Wassalam,
Indo, matar marigayi Malam,
Yankara.