Randar da Baba Ya Buɗe

Telabi, Laraba

Yaya Eliso,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau, kaina ne dai ya ɗaure.

Kin san randunan jar giyar inabin da Baba ya binne mana ranar haihuwar kowa, waɗanda ba a taɓawa sai bikin mai ita. Taki an shanye tuni. Jiya ya ce a fasa yumɓun ta autanmu Bacho, tunda aurensa ya matso. Tun ciwon bara hancin Baba ba ya jin ƙanshi, sai ya miƙo mini kofin: "Malama, ke kika yi jami'a. In ta lalace ki faɗa mini, kada in ji kunya gaban surukai."

Na ɗaga ta a haske. Jan ya fara komawa ruwan ƙasa ta gefe, ƙanshin kuwa kamar busasshen ɓaure a tsohuwar jakar fata. Kawu Guram ya kurɓa ya ce, "Kai, wannan sai manya!" Shi ko ruwan wanki aka zuba masa haka zai ce. Gwaggo Tsiala ta yatsine fuska: "Ta wuce lokacinta. An bar ta ta zauna da yawa."

Ni ban iya cewa komai ba. Harshena ya nace giyar ta girmi Bacho nesa ba kusa ba. Ta yaya?

Ƙanwarki,
Rusudan

Telabi, Asabar

Yaya,

Ina fata kina lafiya. Na juya murfin dutsen randar. Sunana ne a kankare jikinsa. Ta Bacho na nan a rufe.

Kuskure ne, ko Baba ya gaji da jira? Na same shi yana gyaran itacen inabi na tambaye shi. "Idon ne, 'yar nan, ya tsufa," in ji mutumin da ke hango tsutsa a kan ganye daga bakin ƙofa. Bai juyo ba ya ce, "To, ya kika ji ta?"

Na ce, "Tana da ɗan ɗaci, ba kowa zai so ta ba. Amma ba ta lalace ba."

Ya ce, "Ai na sani."

Har yanzu ban gane ko fid da rai ya yi da ni, ko yabona yake yi ba. Ita dai za a sha. Ki zo da wuri, ashe bikina ake yi, ni da ban yi aure ba, angon ne kawai ƙanena.

Ki gaida yara.

Taki,
Rusudan