Ƙotar da Baba ya sassaƙa

Zuwa ga mahaifina, Malam Yakuba Maharbi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka daga Highbridge a nan ƙasar Turawa, da fatan kai da Inna kuna lafiya. Ya gwiwar?

Baba, Hamidu, da ka aiko ta hannunsa, ya kawo mini ƙotar bindigar da ka sassaƙa da itacen madaci. Na gode, Allah ya ƙara girma. Wani maƙeri mai lasisi ya ɗora mata bututu da madubin hangen nesa, ta zama irin bindigar da ake jan sakatarta bayan kowane harbi. Na kayar da barewa daga nesa, yaran da nake koyarwa a masallaci suka ci har da neman ƙari.

Sai dai ka auna ta da kafaɗata cikin 'yar shara, nan kuwa da rigar sanyi mai kauri ake farauta, sai ta yi mini tsawo. Maƙerin ya ce a rage gindin, daidai inda ka ƙona alamar gidanmu. Na ce a'a. Tuɓe rigar nake yi in kwanta kan ƙanƙara in harba. Tarin ya yi sauƙi sosai, kada ka gaya wa Inna.

Ɗanka,
Habibu