Kiran Talata a Wayar Maigida

Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan annobar nan ba ta leƙo ku ba. Ya ƙafar Inna?

Ke kaɗai kika san inda nake zuwa duk Talata tun da na haihu. A gida, awon hawan jini nake ce musu. Ɗakin ƙarshe ne a asibitin unguwa, mai koren labule, inda nas ke rufe ƙofa in yi kukana in ƙoshi, ta ba ni maganin damuwa in dawo.

To, an garƙame ɗakin. Wai daga yanzu ta waya za a riƙa duba mu. Tawa ta faɗa bokitin wanki, dole na ba da lambar maigida, tasa kuwa ba a jin magana sai an buɗe lasifika. Ga ɗakinmu ɗaya, ga surukata da dokar hana fita ta ritsa da ita a nan. Na roƙi mai gadin asibitin ya gaya wa nas ta kira da sunan hawan jini. Ya gyaɗa kai dai. Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙanwarki.

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni kam sai addu'a.

Ba nas ɗina ce ta kira ba, an mayar da ita wajen masu annoba. Wata ce mai zaƙin murya, daga ji takarda take karantawa. Muna tsakiyar cin abinci ta faɗi sunan sashen masu taɓin hankali ƙarara, ta tambaya ko har yanzu ina tsoron a bar ni da jaririyar ni kaɗai. Surukata ta ajiye cokali.

Yau kwana takwas rabona da goya 'yata. A miƙo ta ta sha nono, ana tsaye a kaina, ta gama a karɓe. Har wuƙar yankan albasa an ɓoye. Maigida sai kau da kai yake yi, da ma faɗa ya yi mini. Wata bakwai ina lallaɓa kaina har na fara samun barci, kira ɗaya ya rushe komai.

Jiya mai zaƙin muryar ta sake kira. Sai da ta gama tambayoyinta tas, sannan ta tuna ta tambaya ko ina a wurin da zan iya sakewa in yi magana. Surukata na gefena da 'yata a bayanta. Na ce lafiyata ƙalau. Ta ce madalla, za ta rubuta na samu sauƙi.

Ki gaishe da Inna, kada ki gaya mata.

Ƙanwarki.