Ya Kasuwar Dusa?

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama. Na san wagga takarda ba za ta kai gare ka ba. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, kai da kullum kake cewa baƙaƙena sun karkace kamar dangar da akuya ta jingina. Shekara talatin da ɗaya ban kira sunanka ba, ba kuwa a takarda za ni fara ba.

Na fita takaba ran Laraba waccan. Gero ya yi kyau bana, dawa ce dai ta yi rabi da rabi, ruwa ya ɗauke mata da wuri. Ɗiyarka Hadiza ta sauka lafiya, namiji, kuma sun sa mishi sunanka, ka ga shi ma sun hana ni kiranshi. Katangar bayan gida da kake ta cewa gobe za ka gyara ta faɗi a ruwan ƙarshe, ba ta taɓa kowa ba. Hanyar garin Isa tana nan yadda ka bar ta, sai rana ta ɗaga, sai motoci sun taru kafin a kama hanya. Duk da haka sun ce ran Asabar mai zuwa za a yi sukuwar kaka a can, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami.

Gindin darbejiyar bakin tasha ba kowa a wurin zamanka. Nan kake zama duk sati biyu kafin sukuwa, mutane su zo daga Kurawa, daga Unguwar Lalle, har daga hayin iyaka, su aje maka goro, ka faɗa musu dokin da zai zo gaba da wanda zai sare a zagaye na biyu. Mai son sayen doki ba ya biya sai ya ji ta bakinka. Masu caca kuwa ko kallo ba su ishe ka ba. Duk Sabon Birni Mai-ido ake ce maka, kuma kana jin daɗin sunan, kar ka ce a'a. Na sha ganin yadda kake gyara hula in an kira ka da shi.

Ni kuma mai dusa ce. In bi gidaje in sayi dusar surfe, in shanya, in auna, in kai gidajen masu dawaki, da ɗan ƙullin kanwa ga mai so. Inda namiji ke tsayawa a zaure, ni har gindin turke nake wucewa ba mai ce mini kanzil. Kowace safiya, kana shan koko, sai ka ce ya kasuwar dusa, kana kallon ludayi kamar tambayar ba ta dame ka ba. Ni kuma in ce gidan wane sun ƙara tiya guda, gidan wane kwana uku ba su aiko ba, gidan wane kajinsu sun yi ƙiba. Ka tuna maganar kaji? Ni na gano ta tun ina amarya. Dokin da ke cinye abincinshi tas, kajin gidan ramammu ne. In ka ga kaji sun yi ɓul-ɓul suna kwanciya kusa da turke, to doki na barin saura, akwai abin da ke damunshi ko mai shi bai sani ba.

Ba ka taɓa cewa kana amfani da maganata ba, ni ma ban taɓa nuna na sani ba. Ka sha kokonka, ka tahi ka duba ƙafa da ƙirji da numfashi, ka haɗa da abin da na faɗa, ka zauna gindin darbejiya ka yanke hukunci. Da yamma ka dawo ka aje mini goro biyu bisa faifai ba tare da ka ce na mi ne ba. Ban taɓa jin an cuce ni ba. Mi za ni yi da suna a bakin tasha?

Yanzu ga maganar da ban faɗa maka ba.

Bara, saura kwana goma sha biyu sukuwa, na kai dusa gidan Alhaji Tukur, mai akawal ɗin nan, baƙin dokin da kowa ke magana. Matarshi Hajiya Asabe ta ɗebi dusar ta murza a tafin hannu, ta ce da yashi a ciki, kuma a gaban baƙinta ta faɗa. Na ɗauki kwaryata na fito ko sallama ban yi ba. Washegari sunka koma saye wurin wata mata 'yar Unguwar Lalle. Kuma tunda yau ranar gaskiya ce, da yashin. Tabarmar shanya ta yage, na shanya a ƙasa, na ce wa zai kula.

Kwana tara bayan haka ka yi tambayarka ta safe. Na ce gidan Alhaji Tukur kwana tara ke nan ba su aiko sayen dusa ba. Daga nan na ja bakina. Ban yi ƙarya ba, Malam, ko harafi ɗaya. Amma na san yadda za ka ji ta, don a tsakaninmu gidan da ya daina saye, dokinsu ya daina ci ke nan. Kunya ce ta hana ni cewa an raina hajata. Akwai kuma ƙeta a ciki, ba za ni ɓoye ba: na so a kushe dokin gidansu a bakin tasha, Hajiya Asabe ta ji yadda kushe yake.

Ka je ka faɗa a gaban jama'a cewa akawal ba zai kai zagaye na uku ba. Wani mutumin Kamarawa da ya zo da niyyar sayenshi ya fasa saboda maganarka. Ran Asabar a Isa akawal ya zo gaba, ya bar na biyu da tazarar da anka ce mutum zai iya shan ruwa kafin ya iso. Kafin ku dawo gida samarin tasha sun sake maka suna, Mai-ido ya koma Mai-hakiya. Alhaji Tukur ya bi majalisa majalisa yana cewa hassada ce ta rufe maka ido.

Ka dawo, ka ci tuwo, ka yi salla, ka kwanta. Na jira faɗa, na shirya amsoshi har kala uku, faɗa bai zo ba. Ba ka ƙara zama gindin darbejiya ba. Da safe ka sha koko ka tambayi lafiyar akuya, ka tambayi Hadiza, amma ba ka ƙara tambayar kasuwar dusa ba har ciwon nan ya kwantar da kai a farkon damina. Wata bakwai ina aje maka koko ina jira. Mi ya hana ni faɗa da kaina? Na yi ta cewa bari ya tambaya, kai kuma ba ka tambaya ba, shi ke nan.

Shekaranjiya abokinka Ɗan Jumma dillalin dabbobi ya zo gaisuwar fitar takaba. Ya tsufa, gwiwa ta hana shi hawa babur. Muna zaure, ya kawo zancen sukuwa, ya ce har yanzu abin da ya faru bara na ba shi mamaki. Ya ce ran Alhamis kafin sukuwar tare kunka shiga bargar Alhaji Tukur. Ka shafa wuyan akawal, ka ɗaga ƙafafunshi ɗaya bayan ɗaya, ka sa kunne a haƙarƙarinshi, da kunka fito ka ce mishi a idonka wanga doki ba abin da ya same shi, ƙalau yake kamar ƙarfe. Sai ga shi kun isa tasha ka faɗi akasin haka. Da ya tambaye ka dalili, ka ce wanda ya ba ka labari bai taɓa kuskure ba shekara talatin, idonka kuwa ya taɓa. Ɗan Jumma bai san ko wane ne mai labarin ba. Yana zargin wani mai yankan harawa, har ya daina gaisawa da bawan Allah.

Na ce mishi ya sha ruwa, na shiga ciki na zauna bakin gado. Ashe idonka ya gani daidai. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kai kuwa ka aje idon ka bi mudun mai dusa. Don mi, Malam? Kai da ko limami in ya yabi doki sai ka duba haƙoranshi da kanka? Da ka bi idonka, da ka mutu da sunanka. Wannan ya yi mini ciwo fiye da ranar da anka fita da kai.

Na fito na faɗa wa Ɗan Jumma komi, da kajin, da kokon safe, da yashin. Na roƙe shi ya je gindin darbejiya ya maimaita kafin Asabar, a san idonka bai yi hakiya ba, matarka ce ta ba ka rabin magana. Ya ce in rufa wa kaina asiri. Ya ce ranar da masu dawaki sunka san mai dusa na ƙirga musu kaji tana kaiwa waje, ba gidan da zai ƙara barina in wuce zaure, kuma sana'ar nan ita ce cina ita ce shana yanzu da ba ka nan. Gaskiya ya faɗa. Na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ba zai faɗa ba ni za ni faɗa.

Jiya da hantsi na fara da gidan Alhaji Tukur. Na sami Hajiya Asabe tana tsince shinkafa, na gaishe ta, na ce dusar bara da yashi, ta yi gaskiya, sannan na zayyana mata sauran. Ta riƙe haɓa tana salati. Ban roƙe ta ta yaɗa ba, na san ba sai na roƙa ba. Kafin la'asar magana ta kai tasha ta dawo. Yau da safe gida biyu sun ce in aje dusa a zaure za a fito a ɗauka, gida ɗaya sun ce sun gode, suna da saura. Ɗan Jumma ya aiko cewa ya je ya ba mai harawa haƙuri, kuma ya ji wani dattijo daga Kurawa na cewa dama shi bai taɓa yarda idon Mai-ido ya mutu ba. Mutum ɗaya ke nan. Samarin tasha ban san abin da sunka ce ba tukuna.

To, tunda na riga na zaga gidajen kafin a rufe mini ƙofa, ga abin da na gani game da Asabar.

Kilin Kurawa, farin nan mai dogon wuya, yana ci sosai, sun ƙara tiya ɗaya tun girbi. Sai dai mahayinshi na da ya tahi ci-rani, sabon kuwa an ce yana sakin linzami tun daga tashi. Zai ja gaba a zagayen farko, mutane su yi ta ihu, daga nan ban ba shi ba.

Akwai wani hurde, doki mai dabbare-dabbare, da wani ɗan kasuwa ya shigo da shi daga wajen Maraɗi sati biyu da sunka wuce. Kowa shi yake yabo, kuma ba laifi, doki ne. Amma bai karɓi ruwanmu ba tukuna, yana sunsuna bokiti ya kau da kai, sun sayi kanwa wurina sau uku don su jawo mishi ƙishi. Kajin gidan kuwa sai ka ce ragunan layya.

Goɗiyar Kamarawa, gunyar nan da ka ce tun tana 'yar duƙushiya ƙirjinta ya yi maka, ba mai zancenta. Mai ita ran kasuwa yake zuwa ya auna, kuma awonshi ƙaruwa yake yi kowane sati. Na je suna a unguwarsu, na leƙa gidan, kajinsu kamar a hure su su tashi. Filin Isa yashi ne, ita kuma cikin yashin gulbi take kai mai ita gona kullum. Ni ita na ba.

Akawal kuwa ban sani ba. Ba wurina suke saye ba, tun bara, saboda na sayar musu da dusa mai yashi. Jiya da na shiga gidan ban kalli turke ba, ban kalli kaji ba. Sai ka duba shi da idonka.

Ba ka tambaya ba, amma ga kasuwar dusa nan duka, wanga karo ban rage komi ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya yafe mana baki ɗaya. Sai mun zo.

Ni ce matarka,
Ige mai dusa, Sabon Birni.