A Bar Ɗana Ya Tsaya Inda Malam Ilu Ya Faɗi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ya hana motocin kaya tsayawa a tsakiyar gari.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyalinka, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Mu nan ƙauyenmu na ƙasar Ungogo, maigidana yana fama da ƙafarsa, amma yana lallaɓawa zuwa masallaci. Surukata Rabi lafiyarta ƙalau, cikinta ya tsufa. Jikokina sun yi zazzaɓi sun warware. Wanda ba shi da lafiya shi ne mai ciyar da mu duka. Ɗana na fari ne, ban taɓa kama sunansa a gaban mutane ba, amma yau dole ta sa na rubuta shi: Auwalu.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, domin maganar ba ta jin bakin wani.

Na farko, aikinsa. Gonarmu ta rabu tsakanin magada har ta zama ba ta kai mu bazara. Shi ya sa Auwalu yake jan a-kori-kura, yana ɗauko wake da gero daga Dawanau yana kai wa masu shaguna a cikin gari. Tun da aka shafa fenti a bakin titi aka ce ba tsayawa, wanda ya tsaya sai a ɗaure masa taya da ƙarfe, ko janwe ta ja motar da kayan mutane a ciki. An taɓa yi masa haka. A wannan tsadar mai da abinci, sai da muka sayar da tunkiya kafin motar ta fito. Kuma ba a nuna musu wani wurin sauke kaya ba. Shagunan suna nan inda suke, buhu kuma ba ya tafiya da ƙafarsa.

Na biyu, abin da ban sani ba ko an gaya maka. Direbobi da 'yan dako sun samo dabara. Mota ba ta tsayawa, sai dai ta rage gudu tana jan ciki, ɗan dako ya biyo ta a baya da sassarfa, ya jawo buhu ya aza a kafaɗa. Direba ya wuce, ya kewayo ta shataletale, ya dawo a ɗauki na gaba. Haka suke wuni suna zagaye. Ma'aikatanka suna gani, ba sa magana, tunda taya ba ta tsaya ba.

Mai sauke wa Auwalu kaya wani dattijo ne, Malam Ilu, wanda iyayensa suka zo daga gabas tun da daɗewa. Ya girmi mijina. Yakan tsokani Auwalu, wai tun da aka haife shi bai taɓa tsere da mota ba sai da haƙoransa suka zube, in ya ci tseren a ba shi goro. Wata ranar Litinin, da rana tsaka, ya jawo buhun wake, ƙafarsa ta zame a bakin kwata, ya faɗi da baya, buhun ya danne shi. Auwalu ya gani ta madubi. A gabansa kuma ga ma'aikaci riƙe da ƙarfen ɗaure taya. Ƙafarsa ta je kan birki ta dawo. Ya ce a ransa bari ya kewayo. Cunkoso ya riƙe shi. Da ya dawo, an riga an ɗauke dattijon, sai wake warwatse a kan kwalta, mata suna tsincewa. Kafin la'asar aka ce ya cika.

Ban ce kai ka kashe shi ba, ranka ya daɗe. Kwana ne ya ƙare. Ban kuma wanke ɗana ba.

Na uku, halin da muke ciki. Tun ranar Auwalu ba ya kashe mota da son ransa. In ya dawo gida sai ya yi ta kewaya masussuka da motar, yara suna binsa suna dariya, har sai mahaifinsa ya fito ya daka masa tsawa. Abinci a tsaye yake ci. Ya ɗaure madubin cikin motar da ɗankwalin Rabi, na gefe kuma ya kwance su ya tura ƙarƙashin rumbu. Da na matsa masa, sai ya ce in ya duba yana ganin Malam Ilu yana biyo shi da sassarfa, hannuwa a miƙe, bai gaji ba, bai kuma yi fushi ba, jira kawai yake a rage gudu. Da wannan motar marar madubi yake shiga gari kullum, tsakanin tireloli.

Mun yi abin da muka sani. Liman ya yi masa tofi, ya sha rubutu, mun kai shi asibiti an ba shi ƙwayoyin barci. Na ɗauka zafin kai ne kawai, har ranar da ya ɗauke ni zuwa barkar haihuwa a Bacirawa. Da hantsi ne, gari fayau, motar ba kaya ko mudu ɗaya. Mun zo tsakanin gonaki, dawa ta rufe hagu da dama, ba mutum ba dabba. Sai ya rage gudu, motar ta koma jan ciki. Ya ce, ba da ni ba, “A hankali, Baba.” Ranka ya daɗe, ni ban ga kowa ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ji bayan motar ya ɗaga sama kaɗan, kamar yadda takan yi in an sauke mata nauyi. Auwalu ya ƙara mai muka wuce. Ban waiwaya ba.

Liman ya ce matattu ba sa dawowa, kuma na yarda. Ya ce abin da ke bin yaron nan tsayuwar da bai yi ba ce. Ya ba da shawara ya koma daidai wurin, ya tsaya, ya kashe mota, ya sauka ya yi wa mamacin addu'a. Auwalu ya gwada. Yana dosar wurin sai ya hango masu ƙarfe, ya wuce.

Saboda haka ga roƙona.

Ka ba shi izini a rubuce, wanda zai nuna wa ma'aikatanka, ya tsaya a gaban layin masu wake, inda Malam Ilu ya faɗi, gwargwadon karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu. Ba zai sauke komai ba.

Sannan ka ware wa masu kaya wurin tsayawa, ko lokaci da safe da za su sauke lodi mota a tsaye. Masu gyaran famfo da masu walda ma suna jan kayan aikinsu daga nesa saboda dokar nan. Har yau akwai tsofaffi da ke bin motoci a guje, Malam Ilu ba shi kaɗai ba ne.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka daga ɗaukar alhaki, ya raya maka zuriya, ya sa ka sauka daga kujerar nan lafiya.

Ina roƙon amsa ta hannun mai unguwarmu kafin Juma'ar farko ta watan gobe, ranar da iyalan marigayin za su yi sadakar arba'in. In ba ta zo ba, zan zo da kaina. Zan shimfiɗa tabarmata a kan fentin, in tsaya a gaban motar ɗana har sai ya taka birki. In ma'aikatanka suna da ƙarfen da ya dace da ƙafar tsohuwa, su zo da shi.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Mahaifiyar Auwalu direba.