Geron Inna Ya Fita Daga Gilashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, autarki ce ke rubuto miki, don akwai maganar da ke kaɗai za ki gane nauyinta.

Kin tuna shekarar farin nan a ƙauyenmu na gefen Makoda, muna kwana da kwaɗon tafasa, ga zangarniyar gero rataye a saman ɗakinki? Har Baba ya taɓa ɗaga kai ya dube ta. Kika ce, "Malam, wannan ajiya ce. Ba tamu ba ce, ta damina ce." Ni kam ranar haushinki na ji sosai.

Geron nan naki mai nuna kafin ruwa ya ɗauke, wanda kike kira Ɗan-gaggawa, shi ya fitar da mu. Bayan rasuwarki su Yaya suka koma irin zamani, ni kuma na kai zangarniyarki ta ƙarshe gidan adana kayan kimiyya da nake aiki a Kano. Aka saka ta a gilashi, 'yan makaranta na zuwa kallo.

To Inna, shekarun wuya sun dawo. Ruwa ya zo a makare, ya tafi da wuri, geron su Yaya ya bushe a tsaye. Sai ga Dakta Hadiza, mai binciken tsirrai a jami'a, ta gama zaga ƙauyuka neman gero mai saurin nuna, ba ta same shi ba sai a gilashinmu. Ta roƙi a ba ta ta shuka. Malam Sabo, shugabanmu, ya ce ajiya ce, ba a taɓa ta. Kada ki ga laifinsa, ya sha ba masu bincike aron kaya, daga nan sai labari. Ita ma Dakta da gaskiyarta: iri in ya daɗe bai ga ƙasa ba, mutuwa yake.

Duk suka zuba mini ido. Ni kuwa zangarniyar nan kaɗai ta rage mini cikin abin da hannunki ya taɓa. In aka sussuke ta bai tsiro ba, na rasa ki karo na biyu ke nan. Wallahi na ji tsoro.

Kalmar Malam Sabo ce ta tsaya mini a rai. Ajiyarsa ta har abada ce, taki kuwa iyakarta saukar ruwa. Na faɗa musu haka.

Aka daidaita a kan geron ba zai bar gidan ba. A harabar wurin aikinmu aka ja kunyoyi, ni na murje zangarniyar da hannuna. Ɗaliban Dakta na zuwa aune-aunensu, Malam Sabo kuma, mutumin da ya hana, shi ne sarkin korar kaji. Da kin gan shi da sanda, da kin yi dariya.

Bai tsiro duka ba. Amma ya tsiro, Inna. In ya nuna, kason farko na Makoda ne.

Gilashin yanzu babu komai ciki. In yara suka tambaye ni ina geron ya tafi, sai in nuna musu taga.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba mu damina mai albarka. Ajiyarki ta isa hannun mai ita.

Autarki,
Binta